Kiwon da Baba Ya Bayar a Sharaɗa

Aikina a kamfanin magani shi ne duba kwalabe. Ina zaune a kan doguwar kujera, fitila a gabana, kwalaben maganin tarin yara suna wucewa a jere, ni kuma in zuba musu ido. Wadda ta tsage, ko murfinta ya karkace, ko na hango wani ɗigo yana yawo a cikinta, in tsame ta. Mutane suna raina aikin nan, amma mutum ya zo ya zauna a kujerar yini guda ya ga ko idonsa ba zai yi ruwa ba. Kamfanin yana Sharaɗa, ni ina zaune a Zawaciki da 'ya'yana, mahaifinmu kuma yana ƙauyenmu na bakin Challawa, inda masana'antu suka yi ta cinye gonaki tun ina goye.

Da korona ta shigo aka kulle gari, mu ba a kulle mu ba, an ce masu magani ba sa zaman gida. Motar kamfani ce ke zuwa ɗaukarmu, mu bi titi fayau, ba adaidaita sahu ba tirela, sai awaki kwance a tsakiyar kwalta abinsu. Ban taɓa sanin akwai tsuntsaye a Sharaɗa ba sai lokacin, da injinan maƙwabtanmu suka yi shiru. Mu kuwa aiki ninkuwa ya yi. Maganin zazzaɓi ne, ruwan goge hannu ne, duk abin da muka cika kafin la'asar an kwashe.

Wanda kullen ya fi taɓawa a gidanmu Baba ne. Ba ciwo ya yi ba, Makka aka rufe masa. Ya riga ya biya kujerarsa ta aikin Hajji tun kafin cutar, da diyyar gonarsa ta ƙarshe wadda aka karɓa aka gina sito a kai. Har ya zaga dangi ya nemi gafara, sai aka ce bana babu tafiya. Aka zagayo aka sake cewa babu. Bai yi ƙorafi ba, amma na lura ya koma bin tsofaffin da suka je suka dawo da tambaya, yana so ya ji ko da ƙafarsu suka yi ɗawafi ko a keke aka tura su. Abu guda ya rage masa da yake nema a duniya, ya je da sauran ƙarfinsa.

Baba mutum ne mai tambaya, a wurinsa na gada. In ya ga abu bai gane ba, ba ya sakinsa. Ya taɓa yini a gindin injin niƙa don kawai ya ga inda dusa take rabuwa da gari. To wata Juma'a muna zaune a ƙofar gidansa, ni da ƙanina mai shagon tayoyi a Bompai, wanda in ka raba shi da wayarsa kamar ka zare masa rai, sai ƙanin nawa ya ɗago kai.

"Baba, kun san waɗanda suka ci ribar cutar nan? Masu hannun jari a kamfanonin da suka haɗa allurar rigakafi. Suna kwance a gidajensu dukiya tana haihuwa."

Baba ya gyara zama. "Yawwa, dama ina son wanda zai gaya mini. Mene ne shi hannun jarin nan? Kullum ina ji a rediyo, ya hau, ya sauka, sai ka ce mai hawan jini."

Ƙanina ya shiga bayani, yana cakuɗa shi da Turanci, yana zana abu a ƙasa da tsinke. Kai ka ba da dukiyarka, su su yi aikin, in an samu ƙaruwa a ba ka rabonka, in an yi asara ku yi tare. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Au. Ashe kiwo ne."

"Yawwa Baba! Kamar haka."

Wannan yawwar tasa har yau ban yafe masa ita ba, kuma ya sani. A wurinmu in kana da saniya ba ka da wurin kiwo, sai ka damƙa wa makiyayin da ka yarda da shi. Shi zai yi wahalarta, in ta haihu a san yadda za a raba. Amma ba miƙawa ake yi a juya baya ba. Kana zuwa lokaci-lokaci ka dubo ta, ka riƙo mata kanwa da dusa, ka riƙo wa iyalin makiyayi goro da sabulu, ka zauna a dama maka fura da nonon saniyarka. Wanda ya ba da kiwo ya ƙi leƙawa, ana yi masa kallon marar mutunci. Duk wannan yana cikin kalmar da Baba ya faɗa, ƙanina kuwa bai tsaya ya ji ba, hankalinsa ya koma kan waya.

Ba a jima ba aka tara mu a farfajiyar kamfani aka ce za a yi sabon gini a filin baya, na allurar rigakafi, mu ma mu daina jiran ta wasu ƙasashe. Muka yi tafi, muka koma bakin aiki. Na kai wa Baba labarin kamar yadda nake kai masa kowane labari. Kafin wata ya zagayo ya aika an karɓo masa ragowar shanunsa daga hannun makiyayinsa a Jigawa, dama fargabar ɓarayin shanu ta hana shi barci. Ya sayar, ya kira ƙanina ya ce a saya masa hannun jari a kamfanin da Uwata take aiki. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ƙanina ya yi danne-dannensa, bayan 'yan kwanaki ya nuna masa wasu lambobi a fuskar waya. Baba ya karɓi wayar, ya juya bayanta, ya sake juyowa.

"Shi ke nan? Ba abin da zan riƙe?"

"Ai yanzu haka ake yi, Baba."

"To ina zan je in gan shi?"

Ƙanina ya yi dariya ya ce ai ba a zuwa. Baba bai yi dariya ba.

Ranar Alhamis ina tsakiyar aiki aka ce mai gadi yana nemana a bakin ƙofa. Na ɗauka wani cikin yarana ne ba lafiya. Ina fita sai ga Baba cikin babbar rigarsa ta Sallah, takunkumi a fuska, ga buhun dafaffiyar gyaɗa a gefe, ga ƙunshin goro a ganye.

"Baba lafiya? Me ya faru?"

"Lafiya lau. Dubiya na zo. Wannan ki raba wa masu aiki."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. 'Yan ɓangarenmu sun leƙo ta taga, na san kafin a tashi na zama abin tsokana. Na rage murya na ce, "Haba Baba, nan fa kamfani ne, ba ruga ba." Mai gadinmu, wani dattijo mutumin Damagaram, shi ne ya katse ni. Ya ce shi ma yana da awaki a hannun mutane a gida, ya san abin da ya kawo Malam. Ya ɗauko benci ya kai inuwar katanga, daidai inda ake hango masu haƙa harsashin sabon ginin, ya ce, "Bismillah Malam, ga naku can."

Tun daga nan Alhamis ba ta wuce Baba. Wani lokaci rake, wani lokaci rogo da ƙuli, ranar da babu ko goro ne sai ya riƙo. Waɗanda suka fara da dariya su suka koma tambayata ko mai kamfani, wato Baba, zai zo yau. Leburori suna gaishe shi, shi kuma yana yi musu sannu da aiki kamar gayya ya kira. In bulo ya ƙare ya sani, in ɗan kwangila ya yi fushi ya tafi ya sani. Ni da nake ciki sai na koma jin labarin kamfaninmu a bakin mahaifina.

Kuma gaskiya ginin abin kallo ne. Ba taga ko ɗaya. Daɓen ba shi da lungu, inda ya haɗu da bango a lanƙwashe yake kamar cikin ƙwarya, wai don kada ƙura ta sami wurin maƙalewa. Ƙofofin bibbiyu ne, ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu. Iskar ma ba irin tamu za a shaƙa ba, sai an tace ta. Da hutun azahar sai in bar abincina in je in tsaya ina leƙe. Ni da na yi shekaru ina tunanin maganin tari shi ne ƙarshen tsafta, sai ga wurin da ake tsoron numfashin mutum.

An ɗauko wata malama ta shugabanci sabon ɓangaren, masaniyar haɗa magani ce, 'yar Jigawa, a shekaru ƙanwar bayana ce. Ran da ta fara ganin Baba a benci ta tambayi mai gadi, da ta ji labari sai ta zo ta rusuna ta gaishe shi. Baba ya samu abin da yake so. Ya tambaye ta da wane ruwa za a yi aikin, don shi ya san kogin Challawa tun ana sha da hannu, ya kuma san launin da ya koma. Ta ce daga rijiyar burtsatse za a jawo, a tace, a dafa ya zama tururi, a mai da shi ruwa, har sai ba abin da ya rage a cikinsa. Ya tambaye ta me ya sa ake ta gina ɗakunan sanyi. Ta ce allurar ba ta jure zafi, tun daga inda aka yi ta har hannun mai yi wa mutum dole ta zauna a sanyi, in wuta ta ɗauke na wani lokaci sai a zubar. Baba ya girgiza kai ya ce to a Kano kuwa akwai aiki. Ni ina gefe ina kwashe komai, in na koma gida in zazzage wa 'ya'yana.

Ana cikin haka allura ta iso daga waje. Ma'aikatan lafiya suka zo har kamfani suka yi mana ta farko da ta biyu, hannuna ya yi kwana biyu ba ya ɗaguwa, shi ke nan. A ƙauyenmu kuwa surutu ya tashi, wannan ya ce tana hana haihuwa, wancan ya ce tana kashewa bayan shekara. Baba yana yi musu dariya. Ya ce shi an yi masa lamba tun yana yaro, ga tabon nan a damtsensa, kuma ga mu nan ya haifa. Don haka ban kawo komai a raina ba da na ce ya shirya in raka shi asibitin Kumbotso.

"A'a Uwata, ni tamu nake jira."

"Wace tamu?"

"Wadda ake gina wa ɗaki. In na je aka yi mini ta wasu, me na gaya wa mutanen nan? Na ce musu ban yarda da kiwonsu ba ke nan. Tun da nake ban taɓa auno dawa a kasuwa ba alhali tawa tana gona ta kusa nuna."

"Kun auna mana Baba, shekarar fari. Ni na riƙe buhun."

"Wannan fari ne. Yanzu fari ake yi?"

Na ƙyale shi. A lokacin ba a maganar Makka, kuma ni ma, in faɗi gaskiya, ina ganin ginin yana tashi, na ɗauka abin na kusa ne.

Ina! Gini ya ƙare, injina ba su zo ba. Aka ce suna tashar jirgin ruwa, takardu ake jira. Da suka fito aka ce ɗakin bai gama shiri ba, aka sauke su a wani sito a Bompai. Baba ya sa ƙanina ya kai shi can ma. Ya kutsa tsakanin tireloli da 'yan adaidaita har ƙofar siton, ya roƙi mai tsaro ya bar shi ya ga akwatunan katako, ya shafa ɗaya ya dawo yana ba mu labarin girmansu. Bayan injina sai aka ce ƙananan kwalaben ne suka yi wuya, duniya gaba ɗaya su take nema, har da ɗan robar da ake toshe bakinsu da shi. Na yi mamakin wannan ƙwarai. Ashe abin da bai kai ƙwayar gujiya ba zai iya tsayar da kamfani guda. Kowane lokaci aka tambaya sai a ce saura kaɗan.

Sai ga sanarwa an buɗe hanyar Makka. Amma da sharaɗi: sai wanda ya kammala rigakafi, kuma an yanke shekaru, wanda ya haura ba zai je ba. Muka duba fasfon Baba. Da ƙyar ya tsallake, baɗi war haka ya wuce iyakar. A daren ban ci abinci ba, gari na wayewa na hau adaidaita sai ƙauye.

Na yi lallashi, na yi roƙo. Ya ce malama ta gaya masa an ɗauko injina daga Bompai ana haɗawa, bayan azumi za a gwada. Na ce gwaji daban, allura a hannun mutum daban. Ya ce shi bai taɓa karɓe kiwo ana gobe haihuwa ba. Nan fa raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban mahaifina yadda ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, kamfanin nan bai san kuna yi ba! Masu shi ko sunanku ba su sani ba! Kujerarku za ku rasa a kan mutanen da ba su taɓa cin gyaɗarku ba!" Ya dube ni kawai, ya ce in na gama in sha ruwa, rana ta yi. Na fito ina hawaye don takaici, na biya ta Bompai na sauke sauran a kan ƙanina, har masu sayen taya suka ba ni haƙuri.

Malamar ce ta kawo ƙarshen abin, ba tare da ta san ana rigima ba. Da aka gama haɗa injina, ta nemi izini a bar dattijon nan mai zuwa duk Alhamis ya shiga ya gani, tunda ba a fara aiki ba tukuna. Aka ce in raka shi. Aka sa Baba ya cire babbar riga, aka zura masa farar riga mai haɗe da wando, aka rufe masa kai da gemu, aka sa masa safa a kan takalmi. Duk da fushin da nake yi sai da dariya ta ƙwace mini. Shi kuwa ko a jikinsa, sai ƙyalli idonsa yake yi kamar yaron da za a kai kallon jirgi.

Muka bi wani dogon lungu mai bangon gilashi. Ta nuna mana inda ake wanke kwalabe, da ramin zafin da suke bi su fito ba ƙwayar cuta ko ɗaya, da wasu siraran bakuna da za su riƙa sauka suna ɗiga ruwan allura, da inda ake toshewa, da inda ake dubawa. A nan na fi daɗewa, don aikina ne, sai dai kwalaben nan ba su kai ɗan yatsana ba. Baba ya bi komai da ido har muka kai ƙarshen lungun. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Malama, na ga inda ake zubawa. To ina uwar?"

"Wace uwa, Baba?"

"Wadda ake tatsa. Abin nan ai daga wani wuri yake fitowa."

Ta ce lallai kuwa akwai uwa, kuma ta ji daɗin tambayar. Ta ce irin wannan allurar ba haɗa ta ake yi kamar maganin tari ba, rainonta ake yi. Akwai wani iri mai rai da ido ba ya gani, ana zuba shi a manyan tankunan ƙarfe, a ba shi abinci, a daidaita masa ɗumi, ya yi ta hayayyafa, sannan a tace abin da ake so daga cikinsa. Ni dai na saki baki. Ashe allurar da aka soka mini kiwonta aka yi.

"To ina tankunan?" in ji Baba.

"Suna can ƙasarsu. Mu za su riƙa aiko mana da ruwan a daskare, mu narkar, mu zuba a kwalba."

"Irin fa? Ko ɗan kaɗan ba za su ba ku ku raina a nan ba?"

"Ba sa bayarwa, Baba. Ruwan ma har yanzu ba su sa mana rana ba. Yanzu da ta wadata a duniya, ba su cika ɗokin aikowa ba."

Ta faɗa ne kawai yadda take amsa masa kowace tambaya. Baba ya tsaya yana kallon injin ta cikin gilashi, ba na ganin komai a fuskarsa sai ido. Can ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya ce a taimaka a cire masa kayan nan, zafi yake ji. A bakin ƙofa mai gadi ya taso da murna yana tambayar yaya ya ga dukiya. Baba ya ce, "Ƙwarya ce mai kyau. Babu saniya." Ya juyo ya ce mini, "Nemi izini ki kai ni asibiti."

Akwai irin allurar da sau ɗaya ake yi a gama, ita muka fita nema. A Kumbotso aka ce ta ƙare, maniyyata sun yi mata rubdugu. Ƙanina ya rufe shago ya ɗauke mu a mota, muka zaga duk inda aka kwatanta mana, ko'ina amsar ɗaya ce, sai dai mai zuwa biyu, kuma tsakanin ta farko da ta biyu sai an yi makonni. Muka lissafa, ranar rufe karɓar fasfo za ta riga ta biyun zuwa. Duk da haka Baba ya naɗe hannun riga aka yi masa.

Muna fitowa wani mutum ya biyo mu har mota, ya sunkuyo ya ce in kati ne matsalar, akwai yadda ake yi, yau ɗin nan za a buga mana cikakke. Ba zan ɓoye ba, ni da ƙanina mun kalli juna. Baba ya ce, "In je ɗakin Allah da katin ƙarya? Ja mota mu tafi." Ƙanina ya ja mota muka koma gida.

Mun yi ta kai kawo ko za a ɗaga masa ƙafa, ba a ɗaga ba. Ran da aka rufe, Baba ya aika aka kira ni. Na same shi yana gyaran igiyar guga.

"Uwata, ke an yi miki duka biyun ko?"

"An yi mini."

"To ke za ki je."

Na ce wallahi ba zan je ba. Na ce a bar kujerar zuwa baɗi, wa ya sani ko za a janye dokar. Ya ce ya gama jiran abin da yake hannun wasu. Na ce a karɓo masa kuɗinsa. Ya ce gonar ubansa ce ta zama kujerar nan, ba zai mai da ita kuɗin cefane ba, gara wani daga jininsa ya taka wurin. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce ai ko na je ba tasa na yi masa ba, tawa ce. Ya ce ya sani, ya fi ni sani. Ƙanina, wanda kunya ta hana shi haɗa ido da ni tsawon lokacin nan, shi ya yi ta zirga-zirga har aka mai da kujerar da sunana. Na tafi cikin ayarin matan ƙaramar hukumarmu, raina a jagule. Ban taɓa jin an yi wa mutum alheri ya ji zafinsa haka ba.

Shekarar da ta biyo aka janye dokar shekarun. Amma kujera ta yi tsadar da ko ambatonta ba ma yi, babu gona, babu shanu, ga gwiwoyin Baba sun fara ba shi wahala. Hannun jarin yana nan a wayar ƙanina, ya hau, ya sauka, ko an sayar ba zai kai shi ko'ina ba. Sabon ginin bai taɓa ganin ruwan rigakafin korona ba. Daga baya aka fara cika wasu allurai a ciki, na zazzaɓi da makamantansu, aka mai da ni can ina duba 'yan ƙananan kwalabe cikin farar riga.

Tun da na dawo Baba bai bar ni na huta ba. Duk zuwan da zan yi sai ya zaunar da ni. Da gaske ne daɓen wurin ɗawafi ba ya zafi ko da tsakar rana? Me aka sa a ƙarƙashinsa? Tsakanin Safa da Marwa ya kai daga nan zuwa bakin kogi? Ruwan Zamzam ta ina yake bi ya zo famfo? Wanda na sani in faɗa, wanda ban sani ba ya ce haba Uwata, kina can ba ki tambaya ba? Haka ya yi ta tattarawa har ya fi ni sanin wurin. In maniyyatan ƙauye za su tafi, wurinsa suke zuwa ya gaya musu ƙofar da ta fi sauƙin shiga da inda za su ajiye takalmi.

Kwanan baya na je na tarar ana ɗaurin aure a maƙwabta, baƙi sun cika ƙofar gidanmu suna shan inuwa. Ina daga zaure ina jin muryar Baba yana ba su labarin Arfa, yadda tantuna suke, yadda mutane suke yin tsit in rana ta karkata, kowa ya ɗaga hannu yana kuka ba mai kallon wani. Ya faɗa ya fi yadda na faɗa masa kyau, ni da na tsaya a Arfa da ƙafata. Wani baƙo daga cikin gari, da alama shi ma ya je, ya yi ta gyaɗa kai.

"Wallahi haka yake. Alhaji, wace shekara kuka sauke farali?"

Baba ya dubi baƙon.

"Ban je ba," ya ce. "'Yata ce ta je."